Allurar da Ta Ce Babu Mai

Akwai wani mutum, manomi, sunansa Sila. Ku gyara zama, masu hira a bencin baya kuma ku adana ta sai an tashi, domin labarin nan na kowa ne.

Sila yana zaune a wani gari na bakin kwalta tare da matarsa Bilhatu. Amma ba nan aka haife shi ba. An haife shi a wani ƙauye can kan dutse, ana ce masa Ƙirya, inda mahaifiyarsa, Iya Keziya, take zaune ita kaɗai a gidan mijinta marigayi. Ta tsufa, idonta ya dushe. Babu yadda ba a yi da ita ba ta sauko gari, ta ƙi. Ta ce nan aka kawo ta tana amarya, daga nan kuma za a ɗauke ta. Sila ne autanta, shi kaɗai kuma ya rage mata cikin 'ya'ya maza.

To, mutanen Ƙirya suna da wata al'ada. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, ɗa ne yake baibaye ɗakin uwarsa. Ba a sa ɗan ƙodago, ba a roƙon maƙwabci, muddin tana da ɗa a raye. Shi zai yanko shuci, wato ciyawar rufin ɗaki, ya shanya, ya ɗaure dami-dami, ya kai, ya hau jinka da ƙafarsa ya rufe. Ita kuwa uwar tana zaune a ƙasa tana ba shi umarni kamar bai taɓa yi ba. A irin wannan lokaci ɗa ba ya shiga ƙauyen hannu wofi. In ya shiga babu shuci, ya kunyata kansa, ya kunyata tsohuwar.

Sila yana son wannan rana ƙwarai, har ina jin ta fi masa ranar Kirsimeti, Allah ya gafarta masa. Tun ana girbi yake ɗokinta. Yana gona sai ya tuna ƙamshin kunun accar Iya, ya tuna muryarta daga ƙasa tana cewa, "Auta, wajen gabas ɗin nan bai yi kauri ba, kada ka yi mini aikin ganin ido." Sai ka ga ƙaton mutum mai furfura a gemu ya tsaya tsakiyar kunya yana murmushi shi kaɗai.

Hanyar Ƙirya kuwa ba ta kowace mota ba ce. Kwalta takan ƙare, a shiga gargada, a yi ta tafiya har a iso gindin wata babbar ɗorawa a ƙasan dutsen. Daga nan in ka ɗaga kai kana hango hayaƙin gidajen ƙauyen can sama, kamar ka miƙa hannu. Amma hanyar mota sai ta zagaye dutsen ta baya, ta ratsa daji, ta haye rafi, sannan ta fara hawa. Tafiyar da ta rage daga ɗorawa ta fi wadda aka yi. Babu mai sayar da mai a wannan daji, waya ma ba ta kamawa. Da zarar damina ta kankama kuma rafin ya cika, babu motar da za ta haye sai kaka.

Sila yana da wata tsohuwar jif, irin masu shiga daji, wadda tayoyinta huɗu duk suna ja. Ta girmi 'yarsa ta fari, Tabita. Fentinta ya koɗe, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, salansar hayaƙinta kuma ta daɗe da fashewa, in ta taso sai ka rantse injin niƙa ne ya koyi tafiya. Mutanen gari suna kiranta Ɓauna. Amma wajen hawan dutse da ratsa laka, ba ta taɓa ba shi kunya ba. A gaban sitiyari akwai gejin mai, da 'yar allurarsa da ke nuna ko tanki ya cika ko ya yi ƙasa. Shekara da shekaru allurar nan ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, don haka ya yarda da ita kamar yadda ya yarda da idonsa.

Ana nan, bazara ta yi, zafi ya tsananta. Sila ya loda shuci a bayan Ɓauna har ya yi tozo, ya ɗaure tam. Ya tsaya wajen masu sayar da mai a bakin hanya ya zuba galan-galan kamar yadda ya saba kowace shekara, domin shi ba mai cika tanki ba ne, iya tafiyarsa yake saye. Ya ga allurar ba ta tashi kamar da ba, amma ya ce sanyin safiya ne. Ya kama hanya yana rera waƙar sujada, muryarsa da salansa suna gasa.

Yana isowa gindin ɗorawa sai idonsa ya sauka kan gejin. Allura ta kwanta ƙasa, kwance sosai, kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ya taka birki. Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ba ta motsa ba. Ya ɗaga kai, ga hayaƙin Ƙirya yana tashi. Ya dubi dajin da ke gabansa, ya ce a ransa, in mai ya ƙare mini a can ciki, wa zai same ni? Motar ma kafin in dawo an kwance mata tayoyi. Ya daɗe zaune, injin yana ta ruri. Daga baya ya juya, ya koma gida a hankali, yana jiran motar ta mutu a hanya. Ba ta mutu ba. Ya ce Allah ne ya rufa masa asiri.

Daga nan Sila ya shiga neman inda mansa yake tafiya. Da fari ya ce tanki ne yake yoyo. Ya share ƙarƙashin motar, ya barbaɗa toka. Da safe ya rarrafa ya duba, ko ɗigo ɗaya babu, sai sawun kaji. Sai ya ce ɓarawo ne yake zuƙewa da tiyo. Ya sayo kwaɗo ya garƙame murfin tanki, ya fara amsa gaisuwar maƙwabcinsa mai babur da ƙyar, bawan Allahn da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai ya ce ai masu galan ne suke tauye mudu. Ya bar wanda ya saba da shi shekaru, ya koma wajen wani. Ya ƙara mai fiye da na farko, ya sake kama hanya.

Gindin ɗorawa, allura ta sake kwanciya. Ya sake juyawa.

'Yan'uwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowace tafiya yana ƙara mai, kowace tafiya kuma allurar tana ƙara saurin faɗuwa. Ya tuhumi tanki, ya tuhumi maƙwabci, ya tuhumi mai galan. Abu ɗaya ne bai taɓa tuhuma ba, shi ne allurar. Haba Sila!

Bilhatu ta ce masa, "Baban Tabita, ka ɗauki jarka mana ka riƙe a mota."

Ya ce, "Jarkar fetur a kusa da busasshen shuci, cikin wannan rana? So kike a kwaso tokata?"

Ta ce, "To ka kira Zakka ya duba ta."

Zakka makanike ne, kuma taubashin Sila, ɗan ƙanen Iya Keziya. Kun san tsakanin taubasai, ba a raga wa juna. Sila ya ce, "Zakka? In ya ji na je gindin ɗorawa na dawo, kafin la'asar an sa ni a waƙa. Bar ni, zan gano ta da kaina."

Ta ce, "Ko saƙo ka aika wa Iya ta hannun matan da ke saukowa kasuwa."

Ya ce, "In ce mata me? Ɗanta ya kasa hawa dutse? Jibi ina can da kaina."

Jibin nan ta yi ta zuwa tana wucewa. Shucin yana nan bayan mota bai sauke ba. Da yamma sai ya fito ƙofar gida ya zauna a kan dutsen wanki, ya zuba wa gabas ido, inda dutsen Ƙirya yake tsaye shuɗi-shuɗi. Ya daina waƙa. Tuwo in ya kai loma biyu sai ya ture kwanon. Kewar uwarsa ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun ranar da aka fara kai shi makarantar kwana. So yake kawai ya ji ta ce "Auta", ko da faɗa ne zai biyo baya.

Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Ya yi baƙi ƙirin a kan dutsen, ya rufe shi ruf. Nan gari ko yayyafi ba a yi ba, amma Sila yana tsaye yana kallon ruwa yana zuba a kan Ƙirya, a kan tsohon rufin bara, a kan tsohuwar da ba ta gani sosai. Ya ce, "Wayyo Iya." Bilhatu ta zo ta tsaya kusa da shi.

Gari na wayewa ya aika aka kawo masa mai, jarka guda cur, ya ce yau ko motar rijiya ce sai ya cika ta. Ya kafa mazurari, ya fara zubawa. Bai yi nisa ba sai man ya taso, ya cika mazurarin, ya malalo ta gefen mota, ya jiƙa masa takalmi sharkaf. Ya tsaya riƙe da jarka, baki buɗe.

Bilhatu ta leƙa ta taga ta murɗa makulli kamar yadda take gani yana yi. Allura ta ɗan yi rawa, ta koma ta kwanta. Ta ce, "Baban Tabita, ƙafarka ta jiƙe da mai, ita kuma wannan tana cewa babu. Cikin su biyun wa za mu yarda da shi?"

Ya ce, "Kira mini Zakka."

Zakka ya zo da jakar sipanoninsa, ya ji labari tun daga toka har kwaɗo. Ya yi dariya har ya dafa bango. Amma da ya ji an yi ruwa a kan dutse kuma ba a baibaye ɗakin ba, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Gwaggona tana can ruwa yana dukanta, kai kana nan kana gadin toka? Matsa."

Bai yi gaggawar kwance komai ba. Ya fara duba fiyus, lafiya lau. Ya ɗaga kujerar direba, domin a irin waɗannan motoci tanki yana ƙarƙashinta. Ya zare wayar da ta fito daga kan tankin, ya ce wa Bilhatu ta murɗa makulli, ya taɓa bakin wayar a jikin ƙarfen mota. Nan take allura ta miƙe tsaye har ƙarshe. Ya ce, "Kun gani? Ita da wayarta lafiyarsu ƙalau. Abin da aka gaya mata take faɗa. Maƙaryacin yana ciki."

Ya kwance 'yan kusoshi, ya zaro wani siririn ƙarfe daga cikin tankin. A ƙarshensa akwai 'yar ƙwallo ta ƙarfe, fanko, kamar ƙwan agwagwa. Ya kai ta kunnen Sila ya girgiza. Sai ga ƙarar ruwa a ciki, kwacal-kwacal.

Ya ce, "Ka san goran da ake haye kogi da shi? Aikin wannan ke nan. Tana iyo a saman mai. Mai ya taso, ta taso, allura ta tashi. To duba nan." Ya nuna masa wata 'yar huda da tsatsa ta yi, ba ta kai kan allurar ɗinki ba. "Ta nan ta riƙa shan mai kaɗan-kaɗan, ta yi nauyi, ta nutse. Tana kwance a ƙasan tanki, mai ya rufe ta ko'ina, tana aika wa sama cewa babu. Kai kuwa, ɗan gwaggo, ko sau ɗaya ka taɓa zura kara a tankin nan?"

Sila ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Tun ranar farko ke nan da na isa?"

Zakka ya ce, "Da ka isa, ka baibaye, ka sha kunu, ka dawo."

Sabuwar ƙwallo sai an aika birni, rafi kuwa ba zai jira ba. Zakka ya mayar da ƙarfen haka nan ya rufe tankin. Ya zaro karan dawa daga danga, ya fere, ya miƙa masa. Ya ce, "Allurar za ta yi ta ce maka babu har ka je ka dawo. Kada ka kula ta. In zuciyarka ta tsinke, tsaya ka zura wannan. Tashi, rana tana yi."

Sila ya kama hanya. Kada ku ɗauka abin ya zo masa da sauƙi don ya san gaskiya. Idon da ya saba duba wuri ɗaya shekara da shekaru ba ya dainawa rana ɗaya. Yana isowa gindin ɗorawa ya ga allura kwance, sai ƙafarsa ta tafi kan birki da kanta. Ya sauka. Ya buɗe tanki, ya zura kara, ya zaro. Jiƙe yake kusan har inda ya riƙe. Ya shiga, ya cire hularsa ya rataya a kan gejin, ya sa giya, ya wuce.

Ya ratsa dajin. Ya tarar rafi ya fara kawo ruwa, ja wur, har rabin taya. Ɓauna ta yi nishi, ta yi tari, ta haye. Ta kama hawa.

Ya sami Iya Keziya zaune a ƙofar ɗakinta. Tabarmarta da zannuwanta suna shanye a kan danga. Ta ƙofar yana hango kwanoni da ƙwarya jere a tsakar ɗaki, inda aka tari yoyo, gadonta kuma an ja shi can lungu. Bai kai ga yin sallama ba ta ce, "Auta, yau ka wuce ɗorawa."

Ya tsaya cik. Ya ce, "Iya, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Duk ƙasar nan akwai mota mai irin wannan kuka? Ƙara tana hawowa dutse ai. Duk zuwan da ka yi na ji. Ina ji sai in ɗora kunu. Sai in ji ka tsaya. Sai in ji kukan yana yin nisa." Ta gyara zaninta. "'Ya'yan maƙwabta sun sha kunu bana har sun gaji. Jiya ubansu ya ce zai ɗora mini leda a rufin, na ce a'a, ina da ɗa."

Sila ya durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Ruwan bai dame ni ba, Auta. Na yi ta tunani ne, na ce ko wani abu na yi maka."

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Ko kaɗan, Iya. Na ɗauka mai ne ya ƙare mini."

"Ya ƙare ɗin?"

"Bai ƙare ba. Tankin cike yake."

Ta miƙa hannu ta lalubo kansa, ta shafa furfurar, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ce, "To tashi ka hau. Wajen gabas ne ya fi yoyo."

Yanzu ku ba ni kunnuwanku, ga ma'anar misalin nan.

Tankin nan alherin Allah ne, wanda ya zuba mana cikin Yesu Almasihu. Allurar kuwa ita ce abin da muke ji a ranmu. Ba mugun abu ba ce, sau da yawa takan faɗi gaskiya. Amma ba ta ganin cikin tanki, abin da zuciya ta aiko mata take nunawa. Zuciya kuma takan huje. Hudar ba ta da girma: wata magana da aka yaɓa maka tun kana yaro, rasuwar da ba ka gama kukanta ba, zunubin da ka tuba aka gafarta maka tuntuni amma kai ka ƙi sakinsa. Ta nan baƙin ciki yake shiga kaɗan-kaɗan har zuciya ta yi nauyi ta nutse. Sai ka ga mutum alheri ya rufe shi ta ko'ina, yana cewa, "Ni tawa ta ƙare, Allah ya gaji da ni."

Daga nan sai neman mai laifi. Fasto bai gaishe ni ba, zumuntar mata suna gulmata, maƙwabci ne ya yi mini baki. A barbaɗa toka nan, a sa kwaɗo can. Kowa ya sha tuhuma ban da abin da muke ji.

Karan dawan nan Maganar Allah ce. Ba ta tambayarka yadda ka tashi yau, abin da yake akwai take nuna maka. Zura ta ka gani. Zakka kuma shi ne ɗan'uwan nan da kake gudu don bakinsa ba ya ɓoye gaskiya. Kira shi. Gara ya yi maka dariya a tsakar gidanka da ka kwana kana kallon hadari a kan dutse. Ku lura kuma, Sila bai jira an gyara allura ba kafin ya tafi. Tana ce masa babu, babu, har ya isa.

Na san akwai masu gindin ɗorawa a cikinmu yau, kada ku duba na kusa da ku. Wani yakan durƙusa zai yi addu'a, ya ji ba shi da bakin yi, ya tashi. Wata takan zo har ƙofar majami'a ranar jibin Ubangiji, ta juya. Wani kuma uwarsa ce ta gaske take can ƙauye, ko ɗan'uwan da suka ɓata, kullum yana cewa jibi. Kuna tsammani babu wanda ya san kun zo kun koma. Iya Keziya, da kunnen tsufa, ta ji kowane zuwa na ɗanta. Balle Ubanmu na sama? Ita ba ta san abin da yake mayar da shi ba, Shi kuwa ya sani sarai, bai kuma bar jira ba.

Ya san kukan motarka, ɗan'uwa. Duk zuwan da ka yi ya ji. Rafi bai cika ba tukuna, amma hadari yana haɗuwa. Yau in ka iso ɗorawa, ka wuce.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.